Gurbin Auta a Layin Asibiti

Kai mai buɗe wannan littafi, ko ke, rufe shi ka mayar inda ka ɗauko. Ban haifi ɗan da zai leƙa jakar uwarsa ba. In kuwa ka yi kunnen ƙashi ka karanta, to kada ka zo mini da shawara. Na sha shawara a makonnin nan har ta gundure ni.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta zo shago gwajin rigar aikinta. Ni nake mata ɗinki tun tana cikin zanen goyo, na san awonta kamar yunwar cikina. Rigar ta zauna daram a dama, a hagu kuwa ta ɗage, ta tattare a ƙarƙashin hammata. Na ce Rediyo ce ta ja yadin wajen guga. Rediyo ita ce mai yi mini guga da sa maɓalli, bakinta ba ya hutawa, abin da ya jawo mata sunan ke nan. Ta ce, "Uwar ɗakina, ko akuya ta yi ɓari a unguwar nan ni za a ce. Ban ma taɓa rigar ba tukuna."

Na warware, na sake ɗinkewa, na sake gwada mata. Yadda take ɗazu haka take. Na kai hannu in gyara zamanta, sai hannuna ya sauka a kan abin. Tauri kamar ƙwallon dabino.

Na ja labule. Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Mama, ba ya ciwo fa."

"Ba ciwo na tambaye ki ba."

"Tun kafin hutun makaranta."

Malamar makaranta guda, mai miji, mai koya wa 'ya'yan mutane tsafta da kula da jiki. Yaran yanzu za su ɗauki hoton abin da suka ci su nuna wa duniya, amma abin da ya kamata a gaya wa uwa shi za a binne.

Laraba, bayan mun dawo

Babban asibiti. Benci uku dogaye, fanka ɗaya mai juyawa kamar an yi mata dole, da wata taga da nas ke kiran suna ta ciki. Mun je da sassafe, rana ta take kafin a kira mu. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba, amma tana da ladabi. Ta duba, ta dubi hoton da muka je muka yi jiya a wani wuri saboda na'urarsu ta lalace. Ta ce sai an sa allura an ɗebo ɗan nama an auna kafin a san ko sankarar mama ce. Ita ta faɗi sunan. Na rubuta shi sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Likita ɗaya ne ke ɗibar naman, Laraba da Alhamis kawai. An ba mu wata Laraba, nan da sati biyar.

Sati biyar! Ni da in na ce wa mutum Asabar, Asabar ɗin zai tarar da kayansa a goge a ninke. Na faɗa wa nas haka. Ta ce, "Allah ya ƙara kasuwa, Mama. Na gaba!"

Juma'a, da hantsi

Ba ta ci abin kirki ba. Na yi faɗa.

Lahadi, ƙarfe huɗu

An haɗa mu a waya gaba ɗaya, kowa da fuskarsa a ɗan akwati. Babba, 'yata ta fari, daga ƙasar sanyin da take aikin kula da tsofaffi, Injiniya, ɗana, daga tasa ƙasar inda kamfaninsu ke shimfiɗa titi. Ni da Auta a kan doguwar kujera, mijinta, surukina mai gyaran lantarki, a bakin ƙofa yana juya hularsa.

Babba ta ce, "Sati biyar? Mama, a nan in likita ya yi zargi, cikin sati biyu ƙwararre ya ga mutum."

Injiniya ya ce, "Sati biyu ma ai lalaci ne, Yaya. Akwai wani asibiti a nan, ka shiga yau, jibi an gama maka komai. A turo mini ita."

"Kai da sai an danne ka ake maka allura, yau kai ne masanin asibiti?"

"Ke kuma da kike wanke wa tsofaffi haƙora, yaushe kika zama likita?"

Na ce su rufe mini baki, ba a kasuwa suke ba. Amma maganar ta zauna mini. Jini ɗaya, nono ɗaya suka sha, a ce wannan sati biyu, wancan kwana uku, tawa da ta zauna kusa da ni ita ce mai sati biyar. Wane laifi ta yi? Don ba ta tafi ta bar ni ba?

Auta kuwa kan yatsunta take kallo.

Talata, da rana

Injiniya ya fara neman mata biza. Yaron nan tun yana ƙarami in ya sa abu a gaba sai ya ga bayansa. Ya turo takardar gayyata daga asibitin can. Surukina ya kai fasfonta an sabunta.

Alhamis, da yamma

Rediyo ta ce ƙanwar mijin 'yar uwarta an kai ta wata ƙasa, a filin jirgi ma likita ya tarye ta. Na ce ta sa wa mutane maɓalli daidai tukuna, jiya ta sa wa wani baƙi a farar riga.

Asabar, da safe

Na kama kaina ina kallon gefen hagunta tana shanya. Ta lura, ta gyara mayafi. Ban ji daɗi ba. 'Ya ba ta ɓoye wa uwa jiki.

Laraba, ƙarfe shida

Sati uku sun tafi. Saura biyu.

Litinin, da yamma

An ba ta ranar ganawar biza. Ofishin yana wani gari mai nisa, tafiyar wuni guda. Ranar kuwa ita ce Larabar asibiti. A duk ranakun duniya ba su ga wata ba.

An sake haɗuwa a waya. Babba ta ce a riƙe ranar asibiti, biza ta jira. Injiniya ya ce in aka rasa wannan ganawa sai bayan wata uku. Ya ce, "Mama, ki duba da kyau. Ko sun ɗebi naman ranar Laraba, sai an jira sakamako, sai an jira aiki, layi bayan layi. In ta zo nan, sati guda an wuce wurin. Kada mu yi wasa da ran yarinyar nan saboda benci."

Surukina, wanda ba ya ɗaga ido a gabana, sai na ji ya ce, "Mama, ki gafarce ni, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Na ce, "Tun yaushe yaro ke buga wa surukarsa karin magana?"

Ya ce, "Tuba nake, Mama."

Aka tambayi Auta. Ta ce, "Duk yadda Mama ta ce."

Talata, da safe

An yanke shawara. Za a je ganawar biza.

Ɗan'uwa ya tsaya tsayin daka, ya bar barcinsa, ya bi ofisoshi, ya roƙi mutane, ba a watsa masa ƙasa a ido. Namiji ɗaya gare ni, kuma bai taɓa kai ni ya baro ba. Wanda ba ya ganin ƙoƙarin ɗan'uwansa ba zai ga albarka ba. Haka aka tarbiyyantar da mu.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Sun tafi tun jiya, ita da mijinta. Ina shago. Na ɗinka hannun riga a baibai, na warware. Rediyo ta buɗe baki, na dube ta, ta rufe.

Yanzu ake kiran suna a taga.

Alhamis, da yamma

Sun dawo a gajiye, ƙafarta ta kumbura da zaman mota. An yi mata tambayoyi ta bayan gilashi, ba a kai minti biyar ba. An karɓe fasfon, an ce ana dubawa, za a neme ta. Surukina ya tambaya yaushe, aka ce ba a faɗa.

Injiniya ya ce haka suke yi, kwana kaɗan ne.

Litinin, da rana

Ba a neme ta ba.

Alhamis

Ba a neme ta ba. Ba ta ci abin kirki ba.

Litinin, bayan mun dawo

Na saka kayana masu kyau na kai ta asibiti da kaina. Na yi wa nas bayani a tsanake, cewa uzuri ne ya taso, a mayar mana da ranarmu cikin satin nan. Ta duba, ta ce, "An kira sunanta sau uku ranar. Yanzu sai nan da sati shida."

Na ce, "Yarinya, ni ba jahila ba ce, na yi sakandare tun ba a haife ki ba. Mun riga mun yi jiranmu na sati biyar. A ina aka taɓa cin mutum tara sau biyu a laifi ɗaya?"

Ta ajiye biro. Ta ce, "Mama, dubi bencin nan. Kowacce 'yar wata ce. Wa zan cire in sa taki?"

Na duba. 

Da muka juya sai ta kira ni da murya ƙasa ƙasa. Ta ce gurbin Auta bai tafi a banza ba, wata mata da ke zuwa ta zauna tun safe ita ta samu. In mai rana bai zo ba, wanda ke zaune a kusa ake sakawa. Ta ce ba alkawari ta yi mini ba.

A mota Auta ta jingina kai da gilashi har gida. Surukina ya gaishe ni a taƙaice. Da can sai ya tambayi kasuwa, ya tambayi ƙafata. Yau "Sannu Mama" kawai. Ina lura.

Talata, ƙarfe huɗu

Na kira Babba na zazzage mata. Na ce ƙasar da ba ta iya duba mace sai ta yi wata uku tana jira ba ƙasa ba ce. Ta ce, "Mama, gaskiya nan ma ganin likitan ne da sauri. Wata abokiyar aikina ta fi wata biyu tana jira kafin a fara mata magani."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa tun ranar?"

"Ai na ce a riƙe ranar asibiti."

"Kin ce sati biyu!"

"Na faɗi duka biyun, Mama. Ɗaya aka ji."

Na kashe wayar. Rashin kunya ake koyowa a can, ba komai ba.

Sai na kira Injiniya na tambaye shi wa ya sani da aka gama wa komai a kwana uku. Ya yi ta kame-kame. Ashe matar shugaban kamfaninsu ce, shi ma a bakin direba ya ji.

Laraba, da yamma

Mun zauna a benci daga buɗe ƙofa har rufewa, ko wata mai rana za ta fasa zuwa. Kowa ya zo. Auta ta ɗauki hutu a makaranta, ni na bar wa Rediyo shago.

Alhamis, da yamma

Kowa ya zo.

Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ji labarinmu. Ta ce, "Ni ma ɗana yana waje. Kullum sai ya gaya mini yadda asibitinsu yake, har da furanni a tebur. Na ce masa, ɗan nan, furannin suna can, ƙirjin yana nan." Matan benci suka yi ta dariya, har Auta ta murmusa. Ni ban ga abin dariya ba.

Asabar, ƙarfe biyu

Matar mai kantin magani ta zo karɓar kayanta. Ba a gama ba. Tun da na buɗe shagon nan ban taɓa ce wa mutum ya dawo ba. Ta ce, "Ashe ke ma kin zama kamar sauran teloli." A gaban mutane. Na ba ta haƙuri, abin da ban saba ba. Rediyo ta raka ta har titi tana cewa, "Ki kai wa sauran telolin mana, mu ga ko za ki sa shi bana."

Na tsawata mata. Amma na ƙara mata shayi.

Lahadi, da rana

Muna kicin, ina yanka albasa tana wanke kwanuka. Na ce, "In kina da magana ki yi ta, na gaji da wannan shirun."

Ta ce, "Mama, ni ban ce komai ba."

"Na san ba ki ce ba."

"To."

Ta ci gaba da wanke-wankenta. Na ga ba ta ɗaga hannun hagu sosai in za ta ɗora kwano a kanta. Albasar nan mai yaji ce.

Laraba, da yamma

Kowa ya zo.

Ban san addu'ar da zan yi a bencin nan ba. In na roƙa a samu gurbi, me nake roƙa wa 'yar wata? Na ce Allah ya sa tafiya ce ta kama wata, tafiyar alheri. Sai na tuna irin tafiyar da ke hana mutum zuwa, na fasa addu'ar.

Alhamis, ƙarfe uku

Wajen sha ɗaya nas ta kira wani suna. Shiru. Ta sake. Matan benci suka fara waige-waige. Ta kira na uku, ta jira, sannan ta ɗago ta dubi inda muke. Auta ta miƙe.

Ba a daɗe ba ta fito da auduga a manne a gefe, ta ce ba zafi sosai. Za a aika naman wani wuri, sakamako sai bayan sati biyu.

Na tsaya a taga na yi wa nas godiya. Na ce, "Mai ranar, tafiya ta yi?"

Ta ci gaba da rubutunta. Tsohuwar nan ma ban gan ta ba yau, ban kuma san sunanta ba. Ban sake tambaya ba.

Litinin

Jira.

Juma'a, da safe

Injiniya ya kira sau biyu, ban ɗauka ba. Ba fushi nake ba, hannuna ne da aiki.

Talata

Jira. Ta ɗan ci shinkafa.

Alhamis, bayan mun dawo

Likita ta tashi ta rufe ƙofa kafin ta fara magana. Ta sa a kira surukina ya shigo.

Ta yi bayani a hankali, ta zana a takarda. Abin da ake zargi shi ne. Ta sake aunawa, ta gwada da awon farko. Ni mai awo ce, ba sai an fassara mini ba. Ta ce akwai abin yi, kuma za a yi. Aiki tukuna, magani ya biyo baya. An ba mu Litinin, nan da sati uku.

Na ce, "Likita, da a ce waccan Larabar aka yi..."

Ta ce, "Mama, mu yi maganar abin da ke gabanmu."

Surukina ya riƙe hannun matarsa a gabana. Ban hana ba.

Asabar, da hantsi

An kawo fasfo. Biza ta fito.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

An haɗu a waya. Injiniya baki har kunne. Ya ce, "Kun gani? Na gaya muku! Auta, haɗa kaya, zan nemi jirgin sati mai zuwa." Babba ta tambaye shi ko asibitin can zai karɓi sakamakon nan. Ya ce ya tambaya, sun ce su nasu suke yi, za a sake hoto, a sake ɗibar nama, daga nan a sa ranar aiki. Babba ta ce yaushe. Ya ce ai can ba a jira. Ta ce yaushe. Ya ce sai ta iso za a sani.

Sai duk suka zuba mini ido. Har surukina.

Na buɗe baki ke nan Auta ta riga ni. Ta ce wa Injiniya, "Yaya, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ba inda za ni. Ina da Litinin. Na gaji da a riƙa auna ni da ƙasashen da ban taɓa gani ba. Kullum ana gaya mini inda da tuni an gama da ni, ni kuma ina nan, abin yana nan. Ku bar ni in je Litinin ɗina."

Injiniya ya ce, "Mama, kina jinta? Ki yi mata magana mana."

Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin ta katse ni ba. A wani lokacin da ta ji a jikinta. Na dube ta, ta dube ni, ba ta sunkuyar da kai ba.

Na ce, "Na ji ta. Kai ma ka ji ta."

Ya fara, "Amma Mama, a nan..."

Na ce ya dakata, kowa ya buɗe kunne, don ba zan maimaita ba, kuma na rubuta a nan don kada wani ya ce bai ji ba.

Daga yau a gidan nan, ranar da asibiti ya ba mutum ba a ɗaga ta, ba a musanya ta da wata ranar da ke bakin wani. Wanda ke waje ya kira ya yi gaisuwa, ya tambayi jiki, ya yi addu'a, amma duk wanda ya fara mini da "a nan wajenmu" zan kashe wayar. Kuma in magana ta shafi jikin mutum, mai jikin ne zai fara faɗa, shi ne zai rufe. Ba wa, ba ya, ba miji. Ba kuma wanda zai sake cewa "duk yadda Mama ta ce."